Daga indararo zuwa kogi: wa doka ta ɗora wa alhakin ruwan da ke cin gidajenmu?

Akwai wata marka da aka yi a watan Agusta, kwana biyu sama ba ta ɗauke ba, wadda har yau nake tunawa saboda rigimar da ta haifar a lungunmu. Wani maƙwabcinmu ya sayi mota da bazara, sai ya kira birkila ya ɗaga dandamalin ƙofar gidansa, ya shafe kwatar da ta bi ta gabansa da siminti, ya bar wa ruwa wani ɗan bututu da bai fi kaurin dantse ba. Kafin damina ta kankama babu wanda ya kula, tunda ruwan wanke-wanke ne kawai ke bi. Da marka ta sauka, ledar fiya wata ta toshe bakin bututun, ruwan lungu gaba ɗaya ya rasa hanya, ya juya ya faɗa gidan wata dattijuwa da ke can gangare, gidan ƙasa mai azara. Kafin asuba bangon ɗakin jikokinta ya jiƙe ya zauna. Allah Ya kiyaye, an riga an kwashe yaran.

Da gari ya waye ta tako har ƙofar gidansa, zaninta jiƙe har gwiwa, ta ce, "Alhaji, ruwanka ya kwana a ɗakina." Shi kuma ya ce, "Haba Iya, ni na saukar da ruwan sama?"

Duk muhawarar da ake yi kan dokokin magudanan ruwa da ambaliya a Najeriya, daga lungu har Majalisar Tarayya, tana cikin wannan musayar. Babu mai musun cewa ruwan sama na Allah ne. Amma hanyar da zai bi bayan ya sauka, mutane ne ke buɗe ta ko toshe ta, kuma aikin doka shi ne ta faɗi wanda ke da alhakin kowane taƙi na wannan hanya. Mu ba rashin dokoki ke damunmu ba. Muna da su birjik. Abin da ya faru shi ne an yanyanka hanyar ruwa gunduwa-gunduwa an raba wa hukumomi, har ya zama babu hukuma guda da za a riƙe wa riga a ce ruwan nan daga farkonsa zuwa ƙarshensa yana wuyanta.

A matakin lungu lamarin ya fi sauƙi, domin akwai ƙa'idar da ta girmi Najeriya. Hadisin "la darara wa la dirara", wato babu cuta babu cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a kansa malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji cewa ba ka da ikon juya indararonka cikin gidan maƙwabci, ko ka yi wani gini a filinka da zai cutar da bangonsa. Mai unguwa da dattawa da wannan suke raba gardama, kuma alƙali ma da shi yake hukunci. A zamanin En'e an ƙara da duba-gari, wanda ke shiga gida-gida yana leƙa kwata da randa da masai, kuma tsofaffi suna ba da labarin yadda ake shakkar zuwansa. Ga aikin gayya na yashe kwatoci kafin ruwan farko. Wannan tsari ƙarami ne, amma yana da abu guda da manyan dokokinmu suka rasa: kowa ya san wanda zai kai wa ƙara, kuma ya san ƙofar gidansa.

Da zarar ruwa ya fita daga lungu ya shiga lambatun bakin titi, sai ya shiga hannun kundin tsarin mulki na 1999. Jadawali na huɗu, wanda ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci gina magudanan ruwa da kula da su a layi guda da tituna da fitilun hanya, ya kuma ɗora musu kwashe shara. A takarda ke nan, lambatun unguwarku na ƙaramar hukuma ne. Sai dai kowa ya san halin da ƙananan hukumomi suka daɗe a ciki: kuɗinsu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 ya tanada, kuma abin da ke isa sakatariya sau da yawa bai wuce na albashi ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Ko da an bi hukuncin sau da ƙafa, akwai matsalar da kuɗi ba ya warwarewa. Birnin Kano kaɗai ya ratsa ƙananan hukumomi takwas, ruwan da ya taso daga Gwale ko Dala ba ya tsayawa a iyaka ya nemi izinin shiga Fagge. Wanda ya yashe nasa ɓangaren, in na ƙasa da shi bai yashe ba, ya yi aikin baban giwa.

Shi ya sa jihohi suka karɓe manyan magudanai, kuma a nan ne ainihin ikon yake, domin ƙasa a hannun gwamna take. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa wa gwamnan kowace jiha dukkan filayen jiharsa amana, shi ke ba da takardar mallaka a birane, shi ke da ikon soke ta idan maslahar jama'a ta buƙata, a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka. An ma ɗaure wannan doka a jikin kundin tsarin mulki, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin. Gwamnatin soja ta yi dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar, ta ce tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan hukunci a aikace ita ce, Abuja ba ta da ikon hana mutum gini a kan hanyar ruwa a Kano ko Gombe ko Gusau. Sai hukumar tsara birane ta jihar, irin KNUPDA a Kano.

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne ambaliyar birni ke samun asali. Tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini shekaru aru-aru, suka zama matattarar ruwan damina. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, su ke shanye shi su riƙe, sannan ya tsiyaye a hankali zuwa Jakara. Ba wani injiniya ya zana su ba, amma aikin da suke yi shi ne wanda manyan biranen duniya ke kashe maƙudan kuɗi su gina tafkuna dominsa. Da ƙasa ta yi tsada sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara da ɓaraguzai, ana yanka filaye, ana dasa shaguna. Kowane kududdufi da aka cike, ruwansa bai ɓace ba, ya koma titi da tsakar gidan wani. A bayan gari kuma ga awon igiya: mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti-fuloti, ba a bar hanyar ruwa ba, wani lokaci ma a tsakiyar fadama. Talaka ya saya da rani ƙasa ta bushe ƙamas, ya tara guminsa ya gina, bai san ya kwanta a kan hanyar rafi ba sai Agusta. Kasuwar Kantin Kwari, da sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka yanayin wurin, ta sha ruwa a daminar 2022, atamfofi da shaddodi suka jiƙe a shaguna, kuma abin da aka fi nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka yi a kan magudanai.

Dokokin tsara birane na jihohi sun haramta duk wannan. Sun ba hukuma ikon ƙin amincewa da zane, da shafa jan fenti, da rusau. Tambayar da ke ci mini rai ita ce lokacin da ake amfani da ikon. Ranar da ake haƙa harsashi ba a ganin kowa. Sai gini ya kai linta, ko iyali sun tare sun haifi 'ya'ya, sannan katafila ta zo. Wani lokaci mai ginin yana riƙe da takarda mai hatimin gwamnati, wadda wani ofishi ya ba shi a kan filin da wani ofishin ya san hanyar ruwa ce. In aka rushe gidan, an hukunta wanda ya saya, an bar wanda ya sayar da wanda ya sa hannu. An bar jaki ana dukan taiki. Dokar da ta san mai gini amma ba ta san jami'in da ya ba da izini ba, rabin doka ce, kuma tun ran gini ran zane.

Ruwan ya bar birni, ya faɗa kogi. Daga nan ya zama na tarayya. Kundin tsarin mulki ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya ikon sarrafa irin wannan ruwa, na sama da na ƙarƙashin ƙasa, har da kula da ambaliya da zaizayar ƙasa. Hannun da take aiki da shi su ne hukumomin raya koguna. An fara da na Tafkin Chadi da na Sakkwato-Rima a 1973, aka faɗaɗa su a 1976, yanzu guda 12 ne. Dokarsu ta ambaci magance ambaliya, amma an haife su ne a shekarun fari, zuciyarsu na kan noman rani da tara ruwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa a 1992, an gina su ne don a riƙe ruwa. Mai kula da madatsa yana tsakanin wuta biyu: in ya rage ruwa da wuri don ya bar wa ambaliya wuri, damina ta zo da ƙaranci, manoman Kadawa da famfunan Kano za su koka da rani. In ya riƙe har ta cika ta batse, mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja da Guri ne za su ga ruwa a gonakinsu. Irin wannan shawara bai kamata ta zama ta ofishi guda a ɓoye ba. Kamata ya yi a ce akwai rubutacciyar ƙa'ida da kowa ya sani, mai nauyin doka, wadda ta faɗi iyakar da ruwa zai kai a kowane wata da kwanakin gargaɗin da za a ba na ƙasa.

A can ƙasan kuma akwai kachala. Tunda madatsun suka sauya yadda kogin Haɗeja ke gudu, ya daina ƙafewa sarai da rani, wannan ciyawa ta samu wurin zama ta toshe rassan kogi a dausayin Haɗeja da Nguru. Ruwa ya daina bin tsohuwar hanyarsa, yana malala inda ba a so, yana ƙin zuwa inda ake jiransa. Wa zai yanke ta? Kogin na tarayya ne, gonakin da ke gaɓarsa na jiha, mutanen da ke shiga da lauje da kwalekwale 'yan ƙaramar hukuma ne. A 2006 jihohi shida da kogin da rassansa suka haɗa, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi, kuma tunani ne mai kyau, domin ya bi kogi maimakon ya bi taswirar siyasa. Rauninsa shi ne ya dogara da kyakkyawar niyyar gwamnoni, ba shi da haƙoran da zai ciji wanda ya ƙi.

Maganar lafiyar madatsun kansu ta fi tayar da hankali. Ta Bagauda ta ɓalle a 1988. Ta Alau, da ke kan kogin Ngadda kusa da Maiduguri, ta jawo ambaliya a 1994, sannan ta ɓalle a daren 9 zuwa 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shanye babban ɓangaren birnin, ya shiga asibiti da kasuwa da gidan namun daji, ya karya katangar gidan yari. Shekara talatin tsakanin gargaɗi da aukuwa. Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da gaske suna da doka ta musamman da ke tilasta wa mai madatsa ya kawo injiniya mai zaman kansa ya duba ta lokaci-lokaci, ya rubuta rahoto, a kuma aiwatar da gyaran cikin wa'adi. Wanda ya mallaki madatsa bai dace ya zama shi kaɗai ne mai ba da shaidar lafiyarta ba.

Wani ruwan ma daga wajen ƙasa yake zuwa. Madatsar Lagdo da Kamaru ta gina a kan Binuwai a 1982, duk sanda aka saki ruwanta sai hankalin mutanen Yola da Makurɗi da Lokoja ya tashi, kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ta tare shi har yau ba a gina ta ba. Dokar Najeriya ba ta tsallaka iyaka, sai yarjejeniya da sanarwa. Amma kada mu ɗora wa Lagdo komai: yawancin ruwan Binuwai daga rassansa na cikin Najeriya yake tarowa.

Sauran hukumomin a gurguje. NiMet, hukumar kula da yanayi, tana hasashen damina. NIHSA, hukumar nazarin ruwan koguna da aka yi wa doka a 2010, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta 2007, tana da ƙa'idoji kan dausayi da gaɓar koguna na 2009 da na zaizaya da ambaliya na 2011. NIWA, hukumar kula da hanyoyin sufurin ruwa na cikin gida, tana iko da mita 100 daga bakin hanyoyin ruwan da aka ayyana na tarayya. NEMA, hukumar agajin gaggawa ta 1999, da takwarorinta na jihohi su ne masu katifa da bargo da buhun shinkafa. Ka lura da gibin da ke tsakani: mai hasashe ba shi da ikon tilasta wa kowa ya motsa. Za a ambaci sunan ƙaramar hukumarku a watan Afrilu, kuma babu wani sashe na doka da ya ce daga ranar shugabanta ko gwamnansa yana da kwana kaza ya yashe kaza, ya tanadi tudun da za a kai mutane, in bai yi ba ga hukuncinsa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa da asuba, gawarwakin da aka ƙirga sun haura 150. Bayan kowacce an kai agaji, kuma agaji abin godiya ne, amma ihu ne bayan hari.

Kuɗin rigakafi kuwa akwai shi. Tun 1981 ake ware asusun kula da muhalli daga asusun tarayya, tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa da kasonsa. Yadda ake kashe shi ne ba a cika gani ba. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da fiye da naira biliyan 1 na wannan asusu, aka yi masa afuwa a 2022. Duk kwalbatin da ba a gina ba, akwai kuɗinsa a wani wuri.

To wanda ruwa ya ci gidansa, zai iya zuwa kotu? A kan maƙwabci ko kamfani, ƙwarai. Ban da ƙa'idar hana cutarwa a kotunan shari'a, manyan kotuna suna aiki da wata ƙa'ida da aka gada daga Ingila, daga shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, inda wani ya gina tafki a filinsa ruwan ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa. Hukuncin shi ne, wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya kuɓuce, shi zai biya, ko da bai yi sakaci ba. A kan gwamnati kuwa hanya ta yi ƙunci. Sashe na 20 na kundin tsarin mulki ya ce gwamnati za ta kare muhalli da ruwa da ƙasa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta shi. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba mai ƙara wata uku kacal ya shigar da ƙararsa. Ka dubi mutumin da ke kwana a ajin firamare da iyalinsa, takardunsa sun tafi da ruwa, ka ce masa agogon lauya ya fara bugawa. Kuma ko ya shiga, za a ce masa ruwan ya wuce misali, ikon Allah ne, wanda doka ta yarda da shi a matsayin kariya. Ɗan hasken da ake gani shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a wata shari'ar malalar mai, wanda ya buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar shigar da ƙara kan muhalli a madadin jama'a.

An yi yunƙurin haɗa dokokin ruwa wuri guda. Ƙudurin albarkatun ruwa ya sha zuwa Majalisar Tarayya, ya faɗi a 2018, ya dawo a 2020 aka sake janye shi, saboda jihohi da ƙungiyoyi da dama, musamman a kudu da tsakiyar ƙasa, sun ɗauke shi dabarar ƙwace filayen gaɓar koguna a miƙa wa tarayya. Tsoron yana da tushe a ƙasar da rikicin fili ke cin rayuka. Amma da ƙudurin ya nutse, ya tafi har da sassan da ba su da alaƙa da wannan rigima.

Ba sai an jira Abuja ba. Ingila ta shiga irin wannan ruɗani a ambaliyar 2007, lokacin da ruwa ya shiga gidaje da shaguna kusan 55,000, bincike ya gano babu wanda ke da alhakin ruwan saman da ya rasa magudana. Dokar da suka yi a 2010 ta naɗa wa kowane yanki hukuma guda mai jagorantar lamarin, ta wajabta mata ajiye rajistar magudanai da kwalbatocin da ke da tasiri, ta kuma ɗora mata binciken ambaliyar da ta auku a fitar da sakamakon a fili, a faɗi hukumar da abin ya shafa da abin da ta yi. Tunda Kotun Ƙoli ta ce fili da tsara gari na jiha ne, majalisar dokokin Kano ko Jigawa ko Borno tana da cikakken ikon yin irin wannan a zama guda: ta ambaci hukuma ɗaya da suna, ta sa a zana sauran kududdufai da fadamun da suka rage a buga a gazet a haramta ba da takarda a kansu, ta sa hukunci a kan jami'in da ya sa hannu, ta kuma ba mai unguwa hurumin dakatar da gini a kan hanyar ruwa tun daga harsashi har hukuma ta zo.

A lungunmu, mai unguwa ya zo da hantsi ya tsaya a kan dandamalin, ya sa yaro ya zura sanda cikin bututun ya zaro ledoji. Ya ce, "Alhaji, ruwan sama ba naka ba ne, amma simintin nan naka ne." Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji." A ranar aka fasa, aka sa murfin ƙarfe, ya kuma biya kuɗin tayar da bangon Iya. Yanzu ruwan lungu yana wucewa salin alin har bakin kwalta, inda yake tarar da babban lambatu cike da yashi da robobi, ya taru ya yi tafki a gaban masallaci. Mun koma wa mai unguwa da wannan, ya ce ikonsa a bakin kwalta ya tsaya. Ya rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, suka ce titin na jiha ne.